Bahagon Noti

Taubashina ya daɗe da rasuwa. Na bi gawarsa, na tsaya a sahun gaba, da liman ya ce duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe, na ce na yafe kamar yadda kowa ya ce. Bakina ne ya faɗa. Har yau in na wuce maƙera na ji guduma tana sauka kan ƙarfe, sai in tuna ƙafafun motata.

Motar ta wani Bature ce da na yi aiki a ƙarƙashinsa a Tambuwal, ina malamin gona, muna yawon ƙauyuka kan sha'anin auduga. Da aka sami mulkin kai ya fara ɗaure kaya kamar sauran 'yan'uwansa, ya ce ba zai loda ta a jirgin ruwa ba, sai na saya. 'Yar ƙarama ce, koriya shar, kujera biyu tak, ba ta da rufi sai wani tamfol da ake janyowa in hadari ya taso. Hancinta dogo, mazauninta dab da ƙasa, in ka zauna ciki kana iya miƙa hannu ka tsinki ciyawa. Mutanen gari suna ce mata takalmin Bature. Don tsere a kan kwalta aka ƙera ta, can ƙasarsu, shi kansa bai taɓa sauka da ita daga hanyar Sakkwato zuwa Jega ba. In za mu daji, jif ɗin ofis muke shiga.

Ƙafafunta na waya ne, kamar na keke, sirara. Ba noti huɗu ko biyar ke riƙe da su ba kamar sauran motoci. Noti ɗaya ne babba a tsakiya, mai kunnuwa biyu, ana bugun kunnen da wata gudumar jan ƙarfe mai taushi. Ranar da ya miƙa mini makulli ya durƙusa a gefen dama ya ɗora yatsa a kan notin.

"Malam, wannan bahago ne," in ji shi da Hausarsa ta Turawa. "Na hagu suna buɗewa kamar kowane noti. Na dama, gaba da baya, a juye suke. In ka buga yadda ka saba, ɗaurewa kake yi."

Ya ce an yi haka ne don gudun mota ya riƙa ƙara musu ƙarfi maimakon ya kwance su. Har da 'yar kibiya aka zana a jikin notin. Na riƙe maganar.

Mutane sun ɗauka don alfahari na sayi motar. Ban gyara musu ba, domin dalilin ba abin faɗa ba ne a lokacin.

Ni ɗan fari ne. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa dubana ido cikin ido ba. Kakata ce ta rene ni. In na je Kebbe gaishe ta, a bakin ƙofa nake durƙusawa, ita tana ciki ta ba ni gefe tana kaɗin zare, ta amsa gaisuwar kamar da bango take yi. In tana so a ba ni abinci sai ta ce da ƙanwata, "A kai ma wancan." Haka ake yi wa kowane ɗan fari a garinmu, ban kuma ga wani abu a ciki ba sai da na fita. A Kumasi, ina fataucin goro, na ga tsohuwa ta kama kunnen ɗanta mai furfura a tsakiyar kasuwa tana zaginsa tana dariya. A Kartum, kan hanyar Makka, na ga ƙato ya sumbaci kan uwarsa, ita kuma ta rungume shi gaban jama'a ba ko kunya. Na dawo gida bayan shekaru, gemuna ya fara fari, na durƙusa a bakin ƙofar nan dai, aka ce a kai wa wancan ruwa.

Mahaifiyata tana da yaya guda da ta rage mata, wadda aka aurar Fakku tun suna 'yan mata. Idon yayar ya tafi, ita kuma mahaifiyata kwankwasonta ya hana ta hawan jaki. Sun daɗe ba su haɗu ba, saƙo kawai ke kai da kawowa a bakin masu zuwa kasuwa. Sai na aiki ƙanwata ta gaya mata zan kai ta Fakku a mota.

Ƙanwata ta yi dariya har ta dafa bango. "Yaya, abin ga da kujera biyu? Ita nan, kai nan? Wa zai zauna tsakani?"

"Ke dai je ki gaya mata."

Ta shiga ta jima, ta fito fuskarta ta canja. "Ta ce in abin ya iso ƙofar gida, ta shiga."

Na san abin da ya sa ta faɗi haka. Ta san hanyar Kebbe, ta kuma ji labarin takalmin Bature. Amma ta faɗa, kuma ban taɓa jin ta janye magana ba. Na yi ta juya abin a raina: wuni guda tana hagu da ni, kafaɗa kusa da kafaɗa, ba bango, ba ɗan aike. In ƙishirwa ta kama ta, ni za ta gaya wa, da bakinta. Abin da nake so ke nan, ba wani abu ba.

Gwajin farko ban yi nisa da Tambuwal ba motar ta nutse. Siraran tayoyin nan suka yanka rairayi kamar wuƙa, cikinta ya kwanta ƙasa. Manoma ne suka bar aikinsu suka ciccibo ta. Labarin ya riga ni isa Kebbe.

Daga nan kowa ya zama bakanike. Mai shayi, mai aski, magatakardan alƙali, duk shawararsu ɗaya: sa mata ƙafafun jif, inda ya tokare a yanke madagadi, wato ƙarfen da ya rufe saman taya. Na ƙi. Ƙafar jif ba ta ma hawa cibiyar wannan mota, nauyinta kuma zai karya mata gindi kafin a je ko'ina. Ban da haka, wanda ya lanƙwasa ƙarfen madagadin nan ya san abin da yake yi, ba zan sa almakashi a kai ba.

Abin da nake nema na gan shi wurin direbobin manyan motoci a hamadar Sudan. Ba tsawon ƙafa ke fid da mota daga rairayi ba, faɗin tafinta ne, kamar na raƙumi. In sun iso yashi sai su rage iska, taya ta baje, mota ta hau sama ta wuce. Amma ba a ɗaukar taya mai faɗi a cusa ta kan siririn ƙarfe. Za ta kumbura kamar tulu, in an rage iska ta tsunkule tiyub ko ta kwaɓe a kwana. Sai an canja ƙafar ita kanta. Ƙafa mai faɗi kuma tana cin wuri ta fuska biyu. Ta ciki akwai sifirin da bututun birki da hannun sitiyari, ta waje akwai leɓen madagadi. Tsayinta kada ya wuce na asali da yawa. Haƙoran da ke cikin cibiyarta kuma dole su shiga na motar daidai, ba sako-sako ba, ba da ƙarfi ba.

Na kwanta ƙarƙashin motar nan har matata ta fara cewa ko can zan riƙa cin tuwo. Na auna da zare da kara, na karya sitiyari dama na auna, na karya hagu na auna. Na kwaɓa laka na manna a cikin madagadi, na ɗora buhun gero a kujerar hagu, na bi ta kan gargada da gudu, na dawo na duba inda taya ta taɓa lakar. Da haka na san wurin da nake da shi: yatsa biyu ta ciki, ɗaya da ɗan abu ta waje.

Wani Kwara, cikin Larabawan nan masu kantuna a Kano, ya rantse mini da abin da yake bauta wa cewa yana da irin ƙafar. Na ɗauko ɗaya a babbar mota har Tambuwal, na sa, na karya sitiyari, sai ga ta tana gugar sifirin. Na mayar masa, ya ce motata ce karkatacciya. A ƙarshe a Jos na samu, jikin wata yayar motata da wani ma'aikacin kuza ya kifar. Jikinta ya tashi aiki amma ƙafafun huɗu lafiya lau. Sun fi nawa faɗi da gaɓar babban yatsa, wayoyinsu sun fi yawa, haƙoransu kuma iri ɗaya da nawa. Wajen taya ma sai da na yi gardama. Kowa yana nuna mini mai manyan ƙusoshi irin ta tarakta, wai ita ce ta daji. Ita ce kuwa ke haƙa wa kanta rami a rairayi. Na zaɓi mai ƙananan zane, mai taushin gefe. Akwai wadda ta fi ta faɗi, ta fi kyan gani, na bar ta, domin lakata ta riga ta gaya mini ba ta da wuri.

Rani guda abin nan ya ci mini. Ranar da na ɗaura su na gangara da ita wani busasshen rafi bayan gari, na rage iska, na taka. Ta haye yashin nan ba ta ko yi tari ba. Na juya na sake hayewa. Na tsaya a tsakiya da gangan, inda ya fi laushi, na tashi daga tsaye, ta tashi. Ni kaɗai a cikin rafi ina ta dariya.

Na aika Kebbe cewa bayan cika-ciki ina tafe, domin a shekarun nan watan yana faɗowa ne dab da saukar damina, in ruwa ya zauna kuwa hanyar Fakku ta rufe ke nan. Ƙanwata ta aiko cewa an kai zanen Inna wurin masu bugu, kuma ta tambaya ko iskar abin za ta ɗauke mata lulluɓi. Tambaya ce da ba wanda zai amsa sai ni. Na sa aka ɗinke tamfol inda ya yage.

Sai aka kira mu Sakkwato taron malaman gona. Na bar motar a rumfa cikin gidana, na shiga jif ɗin ofis.

Taubashin nan ɗan kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. Manomi ne mai hali, mai shanun noma, mai murya kamar ganga. A gidanmu shi ke karɓar shara a hannuna duk cika-ciki, kuma tun muna yara ba ya jiran a ba shi. Ya ɗauke mini hula, ya ɗauke takalmi, ya taɓa kwance mini agogo a hannu gaban baƙi. Ban taɓa cewa uffan ba, wasa ne, ni ma ina ramawa da baki. A shekarar ya sayi amalanken shanu mai ƙafafun ƙarfe, yana ta ƙorafi suna nutsewa.

Na dawo da la'asar. Tun daga zaure na ji warin ƙonannen man giris. Motata tana rumfa, gefen dama a ɗore kan turame biyu na daka. Ƙafafun dama babu. Inda suke, cibiyoyin sun yi baƙi, zaren noti ya narke ya cure, haƙoran sun lotse kamar bakin tsohuwa. Fentin madagadi ya kumbura ya ɓare. Ga toka, ga guntayen gawayi, ga kunnen noti ɗaya a ƙasa. Gudumar jan ƙarfen tana inda na bar ta, bayan kujera, ba wanda ya taɓa ta.

Matata ta ce taubashin ya zo ranar kasuwa, ya yi sallama ya shigo yana kiran ina bawansa. Da ta ce ba na nan, sai ya ce to zai ɗebi shararsa da kansa. Ta ɗauka kaza zai kama. Sai ga shi da maƙeri. Ta yi magana daga bayan zana, ya ce ita ma cikin kayan bawansa take, ta yi shiru kada ya haɗa da ita. Me za ta yi? Ta fito ta kama rigar namiji?

Ban zauna ba na nufi maƙera. Maƙerin ya gan ni ya washe baki, kamar mai jiran yabo.

"Malam, notin ga naka ya ba mu wuya. Tsatsa ta ci shi. Mun buga, mun buga, kamar ana ƙara mai ƙarfi. Sai da munka sa mai wuta."

"Ka hura wuta ƙarƙashin mota da fetur a cikinta?"

"Allah ya tsare."

"Me ya sa ba ku gwada ɗaya gefen ba?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Haba Malam. Musulmi ya fara aiki da hagu?"

Da sun fara da hagu, bugu biyu notin zai kwance. Da sun kwashe ƙafafun sun tafi, in dawo in yi zagi, in bi shi in karɓo ko in koma Jos. Amma suka yi bisimilla suka fara da dama, suka yi ta ɗaure abin da suke so su kwance. Da na gaba ya gagara sai da wuta, ba wanda ya tsaya ya ce me ya sa. Suka matsa na baya, shi ma na dama, suka sake hura zugazugi. Kibiyar tana nan a jikin notin, ƙarƙashin hancinsu. Ba sai ka yi boko za ka karanta kibiya ba.

Washegari na hau keke na tafi Kebbe, rabin hanya turawa nake yi. Na same su a inuwar ƙofar gidan kawu, dattawa sun kewaye amalanken ana kallo. Ƙafafuna ne a jiki. An fasa haƙoran ciki da ƙarfi an cusa su kan sandar amalanke, an cike gefe da guntayen ƙarfe. Tayoyin da na zaɓa da laka da zare, ga kashin shanu a jikinsu.

"Ga bawana nan!" in ji taubashin, ya buɗe hannuwa. "Nasara baƙi, ka zo kawo sauran biyun?"

Ban gaishe shi ba. Na gai da kawu, na gai da dattawa, na juyo. "Ka san abin da ka yi?"

"Shara niɗ ɗauka. Bana ka yi ƙoƙari, Allah shi yi ma albarka." Aka fashe da dariya.

"Ka kashe mini mota."

"Takalmi dai. Kuma biyu nib bar ma. Keke ma da biyu shika tafiya."

Aka sake dariya, har da mai tari. Na ce masa ɓarawo. Kalmar ta fita da ƙarfi. Kawu ya ajiye carbinsa.

"Kai, ɗana. Mi kac ce?"

"Kawu, wanda ya shiga gidan mutum ba ya nan ya ɗauki abin da ba a ba shi ba, mene ne sunansa?"

"Taubashi," in ji wani tsoho daga gefe, aka kuma kwashe.

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba a fushi da taubashi. Ubanka bai yi ba, kakanka bai yi ba. Kai ka tafi yawon duniya ka dawo muna da fushi?"

Na ce yawon duniyar ne ya nuna mini ba mu kaɗai ke da wannan wasa ba. Fulani suna da shi, Zabarmawa suna da shi, na zauna da Mosawa a Kumasi na ga nasu ya fi namu zafin baki. Ko'ina akwai iyaka. Ana ɗaukar hula, ana kama zakara, ana zagin kakanka a yi dariya. Ba inda na ga an karya wa mutum abin hawa an ce wasa ne. Na ce mu ne kawai muka mai da wasa mafakar mai ƙarfin hali, ya yi ɓarna, wanda aka cuta kuma a ce shi ne marar tarbiyya in ya ɗaga murya.

"To kai ƙara wurin alƙali," in ji kawu a hankali. "Ka ce ɗan ƙanen uwarka ya ɗauki shara. Mu ji abin da za a kira ka garin ga."

Ya san ba zan iya ba. Kowa a wurin ya sani. Abin da ya fi ƙona ni ke nan. Ba wanda ya musa cewa an yi mini ɓarna. Sun ga ɓarnar, suna ma sha'awar ta, suna latsa tayar da yatsa suna cewa kai, Turawa sun iya roba. Fushin kawai aka hana ni. Kuma ba zan iya buɗe baki gaban dattawa in ce abin da aka ƙwace mini ba mota ba ce, wuni guda ne kusa da uwata. Da na faɗi haka da sun ce lalle yawo ya taɓa mini kai.

Taubashin ya matso ya dafa kafaɗata, na ture hannun. Bai ji haushi ba, bai taɓa jin haushin komai ba, abin da ya sa ba a iya faɗa da shi ke nan.

"Kwantar da ranka, bawa. Zancen Fakku na? Gobe nika kai Gwaggo. Na riga na gaya mata, ta ce to."

Na shiga gida na durƙusa a bakin ƙofa. Na yi gaisuwa, aka amsa wa bango. Ƙanwata ta ja ni gefe ta ce an aiko daga Fakku jikin tsohuwa ya yi nauyi, ga gabas ta fara haɗa hadari, Inna ta ce ba ta iya jira. Na ce a ba ni lokaci in nemo cibiyoyi. Ƙanwata ta ce, "Daga ina, Yaya?" Daga Ingila, ta jirgin ruwa. Ban ma faɗa ba.

Da safe aka shimfiɗa tabarma da katifar rimi a amalanken, aka kafa kara aka yi mata inuwa. Mahaifiyata ta fito cikin zanen nan da aka kai bugu, baƙi yana ƙyalli, ta ja lulluɓi har goshi. Taubashin ya ɗauke ta cak kamar yarinya ya ɗora, yana cewa Gwaggo kin yi nauyi, tuwon wa kika ci. Ta kai masa duka da mafici tana dariya, ta kira shi da sunansa, ta ce ja'iri. Ina tsugune a gindin katanga tare da masu rakiya. Ban taɓa jin dariyarta kusa haka ba. Shanu suka ja, ƙafafun suka hau rairayin ƙofar gari suka wuce ba su nutse ba, kamar yadda na auna.

Garin ya yi ta sa masa albarka. Yaron kirki, ya sada gwaggonninsa. Yayar ta rasu cikin daminar nan, sai albarkar ta ƙaru, aka ce ba don shi ba da ba su gana ba. Ba wanda ya ce ba don shi ba da ta je a wuni ɗaya maimakon ta kwana a hanya ƙashinta yana bugun katako. Wayoyin ƙafafun kuwa ba su ga kaka ba. An yi su don ɗaukar mutum biyu, ya yi ta loda musu taki da dammunan gero har suka tsintsinke. Na ga ɗaya daga baya an rufe bakin rijiya da ita.

Cibiyoyin sun iso bayan an girbe gero, ta hannun Kwaran nan na Kano. Na ɗaura, na mayar da siraran ƙafafun asali, domin ba a haɗa faɗi biyu da siriri biyu. Na koma Jos, an riga an sayar da gawar waccan motar ga masu narka ƙarfe. Na yi cigiya Kaduna da Ikko ban dace ba. Ko da na dace, ina zan ce zan kai ta? Ba ta da kowa a Fakku kuma. Motar ta koma abin da take a hannun Bature, Sakkwato zuwa Jega, har na gaji da ganin kujerar hagu na sayar wa wani malamin makaranta.

Taubashin kuwa duk cika-ciki sai ya zo. Ya tsaya a zaure ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji: "Bawa, ina sauran biyun?" Ni kuma in fito in miƙa masa abin shara in yi murmushi, domin haka ake yi. Na yi wannan murmushin shekara da shekaru, ban taɓa yin sa da gaske ba.

Mahaifiyata ba ta taɓa ganin motar da idonta ba. Game da tafiyar, magana ɗaya ta taɓa yi da ta shafe ni. Bayan sun dawo daga Fakku na je gaishe ta, na durƙusa inda na saba. Tana ciki tana kaɗi, tsakanina da ita bai fi tsawon tabarma ba. Ta kira ƙanwata daga madafa, ta jira har ta iso ta tsaya tsakaninmu, sannan ta ce:

"A gaya ma wancan, ƙafafun motatai ba su da girgiza."

Ƙanwata ta juyo ta maimaita mini. Na ce a gaya mata na ji.